Kogon Mammoth: Yadda Aka Gano Kogo Mafi Tsawo a Duniya

A ƙasar Amurka, cikin jihar da a ke kira Kentaki, akwai wani kogo wanda duk duniya ba a san mai tsawonsa ba. Sunansa Kogon Mammoth. Kalmar nan Mammoth asalinta sunan wata irin ƙatuwar giwa ce mai gashi, wadda irinta ya ƙare tun zamanin da. Turawa su kan laƙaba sunanta ga duk abin da girmansa ya wuce misali, saboda haka aka sa wa kogon wannan suna.

In an ce kogo, kada mai karatu ya zaci irin ɗan ramin nan na jikin dutse inda kura ke kwana, ko inda makiyayi ke fakewa in hadari ya taso. Wannan hanyoyi ne barkatai a ƙarƙashin ƙasa, wata bisa wata, wata ta ratsa wata, kamar gidan gara. Waɗansu faɗinsu ya isa motoci biyu su gitta juna, waɗansu kuwa sai mutum ya kwanta rub da ciki ya ja jiki. A shekarar 2022 aka ba da sanarwa cewa hanyoyin da aka bi aka auna sun kai mil 426. Da za a miƙe su a jera, da sun fi nisan Kano zuwa Maiduguri.

Ba mutum ɗaya ya gano wannan kogo ba, ba kuma rana ɗaya aka gano shi ba. Aiki ne na mutane da yawa, wani ya yi nasa ya bar wa na baya. Nufin wannan ɗan littafi shi ne a bayyana yadda kogon ya samu, da su wane ne suka shiga cikinsa, da irin dabarar da ta sa aikinsu bai ɓace ba.

Yadda Ruwa Ya Haƙa Kogon

Dutsen da kogon ke ciki dutsen farar ƙasa ne, watau irin wanda a ke fasawa a yi siminti da shi a Kalambaina kusa da Sakkwato, da Ashaka a jihar Gwambe. Masana sun ƙiyasta wajen shekara miliyan 330 da suka wuce, wurin da Kentaki ta ke yanzu teku ne mara zurfi. Ƙananan halittun ruwa masu ɓawo suna mutuwa, ɓawonsu yana taruwa a ƙasan tekun, yana dannuwa, har ya daskare ya zama dutse mai kauri. Daga baya yashi ya rufe shi, shi ma ya daskare ya zama dutsen yashi.

To, ga abin lura. Ruwan sama in yana saukowa, da sa'ad da ya ke ratsa ƙasa mai ruɓaɓɓen ganye, ya kan ɗauki wata irin iska wadda ke sa shi ɗan tsami. Tsamin nan kaɗan ne ƙwarai, harshe ba ya jinsa, amma yana narkar da dutsen farar ƙasa sannu a hankali. Ruwan ya kan bi tsagar dutse wadda ba ta fi kaurin gashi ba. Yau da gobe tsaga ta zama kwararo, kwararo ya zama hanyar da rafi ke gudu a ciki.

Kusa da wurin akwai wani kogi da a ke kira Kogin Green, watau Koren Kogi, dukan ruwan ƙarƙashin ƙasar nan can ya ke zuba. Kogin yana ta cin gindinsa yana ƙara zurfi. Duk sa'ad da ya yi ƙasa, sai rafukan cikin dutse su ma su nemi sabuwar hanya a ƙasa, su bar tsohuwar ta bushe. Wannan ya sa kogon ya zama hawa hawa kamar bene: na sama busassu ne, na can ƙasa kuwa har yanzu ruwa na gudu, yana ci gaba da haƙa.

Dutsen yashin nan da ke sama shi ne jinkar kogon. Ba ya narkewa kamar farar ƙasa, saboda haka ya tsare hanyoyin da ke ƙarƙashin tuddai, bai bari sun rushe ba. Amma a cikin kwari, inda ruwa ya cinye jinkar, hanyoyi da yawa sun rufta sun toshe. A riƙe wannan magana, gama za ta yi amfani nan gaba.

Waɗanda Suka Fara Shiga

Mutanen ƙasar na asali, waɗanda suka riga Turawa zama a Amurka, su ne suka fara shiga kogon, wajen shekara 5,000 da suka wuce. Ba su da fitila, sai jiniya ta karan iwa. Da ita suka yi tafiyar mil da yawa cikin duhu, suna kankaro waɗansu ma'adinai daga jikin bango. Har yanzu a kan ga guntayen jiniyarsu, da takalmansu na saƙa, da ƙorensu, gama busasshiyar iskar wurin ba ta bari abu ya ruɓe da wuri.

A shekarar 1935 waɗansu ma'aikatan kogon biyu suka tarad da gawar ɗaya daga cikin mutanen nan. Yana cikin tonon ma'adini ne wani ƙaton dutse ya gangaro ya danne shi, fiye da shekara 2,000 da suka wuce. Bayan an daɗe ana nuna gawar ga baƙi, hukuma ta ga bai kamata ba, aka mai da ita cikin kogon aka binne.

Albarushi da Masu Yawon Kallo

Turawa sun san da kogon wajen ƙarshen ƙarni na 18. Akwai wani labari da mutanen wurin ke bayarwa, wai wani maharbi ne ya bi sawun naman da ya harba har ya kai shi bakin kogon. Abin da ya fara jawo hankalinsu kuwa ƙasar da ke ciki ce, don tana ɗauke da wani irin gishiri wanda a ke haɗa albarushi da shi. Da yaƙi ya tashi tsakanin Amurka da Ingila a 1812, albarushi ya yi tsada, sai masu kogon suka sa bayi baƙar fata su yi ta haƙar ƙasar suna tacewa. An huda gungumen itace an yi bututu da su don kawo ruwa ciki. Bututun nan da kwamin tacewa suna nan har yau.

Da yaƙi ya ƙare a 1815, cinikin ya mutu. Amma labarin kogon ya riga ya bazu, mutane suka fara zuwa kallo suna biyan kuɗi. Ashe kuwa baƙo ba shi da ikon shiga sai da ja-gora.

Stephen Bishop

A 1838 wani lauya mai suna Franklin Gorin ya sayi kogon, ya kawo wani bawansa, saurayi ɗan shekara wajen 17, ana ce masa Stephen Bishop, ya sa shi aikin ja-gora. A lokacin akwai wani rami mai zurfin fiye da ƙafa 100 wanda ya datse hanya. Turawa na ce masa Rami Mara Gindi, kowa ya zo bakinsa sai ya juya. Bishop ya sami dabarar ƙetare shi, ba shi da kome sai fitilar mai a hannu. Da ya ƙetare, sai ga hanyoyi a buɗe waɗanda ja-gorar da suka riga shi ba su taɓa gani ba. Ya bi su har ya gangara ga rafukan da ke hawan ƙasa, inda aka sami kifi fari fat mara idanu.

A 1842 aka sa shi ya zana taswirar kogon. Da ka ya zana ta, daga abin da ya riƙe a zuciyarsa, aka kuwa buga ta cikin wani littafi a 1845 da sunansa a jiki. Wannan ba ƙaramin abu ba ne a zamanin da dokar ƙasar ke lissafa shi cikin dukiyar wani. Manyan baƙi daga Amurka da Turai su kan nemi a haɗa su da shi, in sun shiga ciki kuwa ransu yana hannunsa, abin da ya ce shi za su yi. Ya sami 'yanci a 1856, ya rasu a 1857. Kabarinsa yana kusa da bakin kogon.

Ba shi kaɗai ba ne. Akwai Mat Bransford da Nick Bransford, su ma bayi ne da aka kawo aikin ja-gora. Zuriyar Mat sun riƙe aikin har wajen shekara ɗari, sai da kogon zai koma hannun Gwamnati aka sallame su. A 2004 wani daga zuriyarsa ya dawo ya kama aikin kakanninsa.

Asibiti Cikin Kogo

A 1839 kogon ya koma hannun wani likita, John Croghan, tare da bayin da ke aiki a ciki. Likitan ya lura sanyin kogon ba ya sakewa rani da damina, itace kuma ba ya ruɓewa a ciki, sai ya zaci iskar za ta warkar da masu tarin fuka. Ya gina 'yan ɗakuna na dutse da na katako can ciki, ya zaunar da marasa lafiya cikin 1842 da 1843. Sanyi, da duhu, da hayaƙin wutar girki suka ƙara musu ciwo, waɗansu suka mutu a ciki, aka watsar da gwajin. Shi kansa likitan tarin fuka ne ya kashe shi a 1849. Ɗakunan dutsen nan biyu suna tsaye har yanzu, shaida ce cewa kyakkyawar niyya ba ta isa ta zama magani ba.

Abin Da Ya Sami Floyd Collins

Farkon ƙarni na 20 ƙasar wurin ba ta da albarkar noma, mai kogo a gonarsa kuwa yana samun kuɗi wurin masu kallo. Saboda haka kowa ya shiga neman kogo, ana ta gasa da ƙwacen baƙi a kan hanya. Cikin masu neman nan babu kamar wani manomi, Floyd Collins. A 1917 ya gano wani kyakkyawan kogo a gonarsu, bisa wani tudu da a ke kira Flint, amma wurin ya yi nisa da hanya, baƙi ba su cika zuwa ba.

Ran 30 ga Janairu 1925 ya shiga wani matsattsen rami shi kaɗai, yana neman wata ƙofa kusa da hanya. Yana cikin fitowa fitilarsa ta mutu, wani dutse ya zamo ya danne masa ƙafa. Dutsen bai kai laba 30 ba, yaro ma ya iya ɗaga shi a fili. Amma ramin ya matse shi, hannunsa ba ya kaiwa, wanda ya zo taimako kuma ba shi da wurin wucewa. Sai kashegari aka san abin da ya faru. Aka yi 'yan kwanaki ana kai masa abinci, kana hanyar ta rufta. Aka koma haƙa rijiya daga sama, jaridu da rediyo suna ba da labari kullum, dubban mutane suka taru. Ran 16 ga Fabrairu aka kai gare shi, aka tarar ya riga ya cika.

Dokokin da masu shiga kogo ke bi yanzu, irin wannan hasara ce ta koyar da su. Ba a shiga mutum ɗaya. Kowa ya riƙe fitila uku. Kafin a shiga a gaya wa na waje inda za a, da sa'ar da za a fito.

Rasuwar Collins ta sa ƙasar duka ta san da wurin. A 1926 Majalisar Amurka ta yarda a mai da shi gandun Gwamnati, aka kuwa tabbatar da haka ran 1 ga Yuli 1941. Abin bai zo da sauƙi ba, gama ɗaruruwan iyalai aka tayar daga gonakinsu.

Aikin Masu Awo

Shiga kogo daban, sanin kogo daban. Mutum ya iya yin kwana biyu yana rarrafe, in ya fito bai san ko gabas ya yi ko yamma ba. In ya mutu kuma, abin da ya gani ya tafi tare da shi. Maganin wannan shi ne awo. A 1908 wani Bajamushe, Max Kämper, ya yi wata takwas yana safiyon kogon tare da wani ja-gora baƙar fata, Ed Bishop, suka fid da taswira mai kyau ƙwarai. A 1957 kuma waɗansu masu sha'awar aikin suka kafa ƙungiyar binciken kogo, suka ɗaura niyyar auna dukan kogwannin da ke ƙarƙashin tudun Flint. Aikin sa kai ne, ba albashi.

Ga yadda su ke yi. Mutum uku ko huɗu su kan shiga tare. Ɗaya ya tsaya a wata alama, ɗaya ya wuce gaba da igiyar awo har inda hanya ta karkata. A duba tsawo, a duba kamfas, watau agogon nan mai nuna arewa, a duba ko hanyar hawa ta ke ko gangara. Mai littafi ya rubuta, ya zana siffar wurin. Sa'an nan a ci gaba, ƙafa ashirin, ƙafa talatin, wani lokaci cikin taɓo da ruwan sanyi har wuya. In an fito a haɗa lissafin a kan takarda. Ka'idarsu ita ce, hanyar da ba a auna ba, ba a lissafa ta cikin tsawon kogo, kome yawan waɗanda suka ce sun bi ta.

Amfanin taswira shi ne ta kan nuna inda hanyoyin kogo biyu suka kusanci juna, sai a san inda za a matsa nema. Da haka, daga 1955 zuwa 1961, aka sada manyan kogwanni huɗu na tudun Flint, aka ga ashe duk abu ɗaya ne. Zuwa 1969 kogon Flint ya zama mafi tsawo da aka sani a duniya. Saura abu guda: tsakanin tudun Flint da tudun Mammoth akwai kwari, a ƙarƙashin kwari kuwa, kamar yadda aka faɗa a baya, hanyoyi sun toshe. Shekara da shekaru ana nema, ana komowa hannu wofi.

Ranar Da Aka Sada Su

A 1972 masu awo suka iske wata 'yar tsaga mai matsi ƙwarai can ƙarshen wata hanya. Wata mace siririya, Patricia Crowther, mai aikin kwamfuta, ita ta fara kutsawa ta wuce, ta komo ta ce akwai hanya a gaba. Cikin watan Agusta aka bi hanyar har aka kai wani rafi. A jikin bango sai ga sunan wani mutum, Pete Hanson, an rubuta a taƙaice, da alamar kibiya. Hanson ja-gora ne na Kogon Mammoth, ya zo nan a 1938 ta ɗaya gefen, daga baya ya rasu a Yaƙin Duniya na Biyu. Ganin sunan nan suka tabbata sun ƙetare kwarin.

Ran 9 ga Satumba 1972 mutum shida suka shiga ta tudun Flint, shugabansu John Wilcox, suna tafe suna awo. Suka bi rafin har inda rufin kogo ya kusa taɓa ruwa. Wilcox ya kutsa cikin ruwan, ya ɓulla wani babban ɗaki, ya haska fitila, sai ya hangi dogon ƙarfe a miƙe. Ƙarfen dafawa ne na hanyar masu kallo. Sun shiga ta tudu ɗaya, sun fito ta wani. Da aka haɗa lissafi, tsawon kogon ya zama mil 144.

Da aka koma aka duba taswirar da Stephen Bishop ya zana shekara 130 kafin wannan rana, sai aka ga bakin wannan hanya yana ciki. Wata madatsar ruwa da aka gina a Kogin Green farkon ƙarni na 20 ita ta ɗaga ruwa, ta kusa rufe bakin hanyar, har aka manta da ita.

Aikin bai tsaya nan ba. A 1979 aka sada kogon da waɗansu na wani tudu, a 1983 kuma aka sada shi da Kogon Roppel da ke wajen iyakar gandun. A 1981 hukumar UNESCO ta sa shi cikin wuraren tarihi na duniya. Har yanzu ana shiga ana awo, ba a kai ƙarshensa ba.

Mazauna Duhu

Can ciki ba rana ba wata, sanyin kuma yana nan wajen digiri 12 a ma'aunin santigireti shekara duka. Duk da haka an ƙidaya irin halittu wajen 130 masu amfani da kogon. Akwai kifin nan mara ido, da wani ɗan jatan lande wanda ba a samunsa ko'ina sai wannan yanki. Da ya ke tsiro ba ya fita cikin duhu, abincinsu daga waje ya ke zuwa: abin da ruwa ya kwaso, da kashin jemagu, da na wani irin gyare mai fita kiwo da dare. A 2013 aka ga wata cuta mai kashe jemagu ta iso gandun, shi ya sa a ke sa baƙi su taka tabarma mai ruwan sabulu in sun fito, kada su kai cutar wani wuri.

Ruwan Da Ba A Gani

Akwai wani amfani na binciken nan wanda ya shafi lafiyar jama'a. Kudu da kogon akwai wani fili mai ramuka dubbai, ruwan sama na faɗawa ciki ya ɓace. A da mutane na zuba shara da mushe da ƙazanta cikin ramukan, a ganinsu abin da ƙasa ta haɗiye ya tafi ke nan. Sai masana suka riƙa zuba rini mara lahani a ramukan, suna tsaron maɓuɓɓugai. Suka ga rinin yana ɓullowa a wurare masu nisan mil da yawa. Yashi ya kan tace ruwa, amma kwararon farar ƙasa ba ya tacewa, yadda ruwa ya shiga haka ya ke fita.

Garin Horse Cave da ke kusa ya ɗanɗana wannan. Akwai kogo mai rafi a tsakiyar garin, da can suna shan ruwansa, baƙi kuma na zuwa kallo. Ƙazantar gari da ta masana'antu ta ɓata shi, wari ya hana shiga, aka rufe shi a 1943. Sai da aka gina sabuwar ma'aikatar tace ƙazanta a 1989 rafin ya fara farfaɗowa, bayan 'yan shekaru aka sake buɗe kogon. Kusan shekara hamsin ke nan ana biyan bashin sakaci. Duk inda mutane ke zaune bisa dutsen farar ƙasa, wajibi ne su kula da inda su ke haƙa salga da inda su ke zuba shara, don rigakafi ya fi magani.

Kammalawa

Mai karatu ya ga yadda ruwa ya haƙa wannan kogo da kaɗan kaɗan, ya kuma ga da kaɗan kaɗan mutane suka san shi. Masu jiniya sun yi tafiya mai nisa, amma ba su bar taswira ba, sai da aka sake neman hanyoyinsu. Collins jarumi ne, amma shi kaɗai ya shiga. Bishop ya zana abin da ya gani, Hanson ya bar sunansa da kibiya, masu awo suka rubuta kowace ƙafa, shi ya sa na baya ya ɗora daga inda na gaba ya tsaya. Duk mil 426 ɗin nan da igiyar awo da littafi aka tara su. Sannu ba ta hana zuwa.